Ɗanyen kifi ya sa ana zaton ina da ciki, ni kuma na yi shiru

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku 'yan uwa masu karatu. Ina fatan kowa yana lafiya. Anti, don girman Allah ki cire sunana da lambata kafin ki saka wannan, domin mu Hausawan da ke zaune a Makka kowa ya san kakar kowa, kalma ɗaya ta isa a gane ni. Ku kuma masu sharhi na san halinku, na sha zama ina karanta yadda kuke wanke mutum tas. Ku bi ni a hankali. Duk zagin da za ku yi mini na riga ku, na yi wa kaina. Shawara nake nema.

Ni 'yar Kano ce, aure ne ya kawo ni Makka. Mijina haifaffen nan ne, kakanninsa ne suka zo aikin Hajji daga Sakkwato suka zauna. Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa kuwa ta tsofaffi ce, wadda ya tsinta a bakin mahaifiyarsa. Yana aikin karɓar baƙi a wani otal kusa da Harami. Muna zaune a unguwar Jarwal, a gidan gado, mu a sama, mahaifiyarsa a ƙasa. Ummi muke ce mata. Tun yanzu zan faɗa, kada wani ya fara zargin suruka: matar nan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Laifin duk nawa ne.

Ni mutum ce mai son littattafan soyayya tun ina sakandare. Na haya na karanta, na aro na karanta, da aka koma na waya ma ban tsaya ba. A cikin na zamanin nan kuwa akwai abin da ba ya wuce ni: saurayi zai ɗauki budurwa a baƙar mota, ya kai ta gidan cin abinci mai dishi-dishin haske, a kawo musu sushi, ta ɗauka da tsinke biyu cikin yanga, ya tsura mata ido har ta sunkuyar da kai. Ni ban san mene ne sushi ba. A raina wani abu ne mai laushi da zaƙi, tsakanin alkaki da nakiya. Lokacin da muke jiran takardun aurenmu su fito, wanda ya ɗauki lokaci mai tsawo, soyayyarmu duk a waya take. Wata rana ya tambaye ni abincin da na fi so a duniya. Me zai hana in ce ɗanwake da mai da yaji? Me zai hana in ce gurasa bandashe? Sai na ji kunya, na ga ɗan Makka ne, yana ganin manyan baƙi kullum, kada ya ɗauke ni baƙauya. Na ce masa sushi. Ya yi dariya ya ce, "Mashallah, ya shekha, ashe 'yar gayu zan aura. Ni ko ɗanɗana shi ban taɓa yi ba." Maimakon in tsaya nan, sai na ƙara gishiri. Na ce idan raina ya ɓaci shi kaɗai ke sanyaya mini zuciya. Na riƙa tura masa hotunansa da na samo a waya ina rubuta "kewa" a ƙasa. Kewar abin da ban taɓa gani ido da ido ba!

Bayan na tare, sau da yawa yakan ce zai sayo mini, ni kuma in ce a'a, na ƙananan shaguna ba shi da kyau, ni sai na asali. Na ɗauka da haka maganar za ta mutu. Ashe ajiye ta ya yi a ransa. A azumin da ya wuce ya yi ta karɓar aikin abokansa a goman ƙarshe, lokacin Hajji kuma ya tafi Mina ya yi aikin jagorancin alhazai cikin zafin nan, ya dawo ya yi baƙi ya rame. Na tambaye shi wahalar ta mece ce haka, ya ce zan gani. Kwanakin baya sai ga shi ya miƙo mini wayarsa yana murmushi. Wani gidan abincin Japanawa ne a Jidda, a bakin teku, irin wanda sai ka kama wuri tun da wuri, abin da ake ce wa hajzi a nan, kuma sai ka ba da kafin alƙalami wanda ba a dawo da shi. Ya ce ranar Alhamis mai zuwa aurenmu zai cika shekara, can zai kai ni. Ya ce, "Ke kika san kan abin, ke za ki yi hajzi, ki zaɓi inda za mu zauna. An ce a can ba a zaɓen abinci, mai dafawa ne yake ba ka abin da ya ga dama a gabanka, ala kefu." Na ce me ke nan? Ya ce, "Yadda ransa ya so. Ala kefu, ala kifi, duk ɗaya ne ai, tunda kifi ne." Ya yi ta dariyar maganarsa. Ni kuwa nan ne na fara jin kalmar kifi a cikin zancen.

Da ya fita aiki na zauna na bincika da kyau. Jama'a, ɗanye ne. Ɗanyen kifi. Wanda bai ga wuta ba, bai ga mai ba, bai ga ko hayaƙi ba. Ni da ko a gidanmu ba na cin kifi sai an soya shi ya yi ƙayau har ƙaya tana karyewa a baki. Amma na ba kaina baki, na ce ai manyan mutane ne suke ci, ba za a sayar da ƙazanta da tsada haka ba. Na yanke shawarar in gwada a ɓoye, in saba kafin ranar. Na yi oda daga wani shago a Aziziyya, aka kawo mini bayan azahar, lokacin da na san Ummi tana ɗan kishingiɗa.

Anti, ban san yadda zan kwatanta miki ba. A ido yana da kyau, kamar kayan wasan yara, ja da ruwan goro an jera reras. Da na buɗe murfin wani ƙarni ya doki hancina, ba mai ƙarfi ba, irin mai bi a hankali ya zauna a maƙogwaro. Na yi bisimilla na ɗauki guda. Shinkafar sanyi ƙalau, ga tsami kamar wadda ta kwana a tukunya, an naɗe ta da wani baƙin ganye mai warin gefen rafi. Kifin kuwa da ya hau harshena sai na ji kamar na sa wani harshen a kan nawa. Santsi, sanyi, laushi, ba ya taunuwa kuma ba ya haɗiyuwa, sai zillewa yake tsakanin haƙora. Akwai wasu 'yan jajayen ƙwayoyi a kai, da na cije su sai suka fashe, ruwan gishiri mai yauƙi ya cika mini baki. Ashe ƙwan kifi ne. Na ga wani koren abu a gefe na ɗauka fiya ce aka dama, na ce bari in kore ƙarnin da ita, na lakato da yawa na kai baki. Ashe wani irin yaji ne nasu. Wani abu ya tashi daga hancina ya soki tsakiyar kaina, hawaye ya ɓalle. Wannan ne abin da 'yan matan littafi suke ci suna murmushi? Wannan ne na shekara ina rubuta wa kewa? Ko bayi ban kai ba, a bakin ƙofa na durƙusa, na yi ta kelaya amai kamar zan fitar da hanjina.

Ƙarar ce ta tashi Ummi. Matar da gwiwa ke damunta, ba ta cika hawowa sama ba, sai ga ta a kaina tana riƙe da kafaɗata. "Subhanallahi, ɗiyata, mi ya same ki?" Ta kawo ruwa ta wanke mini fuska, ta kwantar da ni, ta share wurin da hannunta duk da ina roƙon ta bari. Sai idonta ya faɗa kan robar da ke kan tebur. Ta ɗaga ta, ta shinshina, ta kawar da kai. "Wanga ɗanye na?" Na ce e. "Ke kika aika aka kawo miki?" Na ce e. "Haka kawai ranki ya biya?" Na gyaɗa kai. Ta dube ni, ta dubi robar, ta sake dubana tun daga fuska har ƙafa. Sai na ga bakinta yana motsi tana hamdala a hankali. Ta ja mayafi ta rufe ni ta ce, "Kwanta abinki. Daga yau kada in sake ganin ki da tsintsiya."

Kun san al'adarmu. Ba a faɗin abin nan da baki, balle na fari, balle tsakanin suruka da matar ɗa. Ummi ba ta ce mini "ciki" ba, ba ta ce "juna biyu" ba, har yau ɗin nan ba ta furta ba. Sai dai kunun tsamiya da safe, sai "sannu ɗiyata" idan na motsa, sai ta karɓe bokiti daga hannuna. To ku gaya mini, yaya ake ƙaryata maganar da ba a yi ba? In dube ta in ce Ummi ba ni da me? Da wane bakin?

Da yammacin ranar da na yi aman mijina ya dawo, Ummi ta tare shi a ƙasa. Ina kan matakala ina jin su. Da can da ya ba ta labarin gidan abincin faɗa ta yi masa, ta ce wane irin almubazzaranci ne mutum ya kwashi guminsa ya kai wa masu ba shi abincin kyanwa. Amma ran nan sai na ji tana cewa, "Wurin nan da ka ce, ka kai ta. Ko gobe ne ka kai ta." Ya ce, "Ummi, ba ke kika ce abincin kyanwa ba ne?" Ta ce, "Rufe mini baki, babban banza. Kwaɗayi na, ba a hana mai shi. Dubi kafaɗarka. Lokacin da nike ɗauke da kai kilishi raina ya biya, aka rasa shi a garin nan kaf, ga shi nan ka fito da tabonshi. So kake jikana ya zo da hoton kifi a goshi?" Sai na ji ya ce, "Wallah? Ummi, wallah?"

Ya hawo da gudu, ni kuma na riga na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Ya durƙusa a gabana ya riƙe hannuna ya ce, "Habibti, abin da Ummi take tunani, gaskiya ne?" Nan ne wurin da nake so ku fahimce ni, ko da ba za ku yafe mini ba. Wannan zaman na karanta shi ya fi a ƙirga. Na san yadda ake yi: amarya ta sunkuyar da kai, ta rufe fuska da tafin hannu, ta yi murmushi, ango ya gane. Tun ina budurwa nake mafarkin ranar da zan yi haka. Kafin in yi tunani, hannuwana sun riga sun rufe fuskata. Ban ce e ba, Allah ne shaidata. Amma na yi murmushin, kuma na san abin da yake nufi. Bawan Allah nan ya juya ya fuskanci alƙibla ya kai goshinsa ƙasa. Ina leƙensa ta tsakanin yatsuna, bayansa yana girgiza. Wace irin mace ce za ta kalli mijinta yana sujadar godiya a kan aman ɗanyen kifi ta yi shiru?

Na riƙa lallashin kaina cewa wataƙila gaskiya ne. Dama watan nan baƙona na wata ya ɗan yi jinkiri. Na ce wa ya sani, ko Allah ya dubi sujadarsa ya mayar da ƙaryata gaskiya, shi ke nan sai in ci kifin ko da zan mutu, asirina ya rufu. Mijina ya ce mu je asibiti, na ce ya bari sai bayan Alhamis, ina jin nauyi. Ya ce ya ji ana cewa ɗanye ba shi da kyau ga mai irin wannan hali, Ummi ta ce su da suka ci ƙasar bango da kanwa me ya same su, ɗan kaɗan zan taɓa raina ya kwanta. Sai ma ta ƙara da cewa a kama wurin mutum uku, da ita za a je. "Ni ban cin ɗanye ko da bindiga, shayi za su ba ni. Amma in zauna in ga ɗiyata ta ci abin da ranta ke so." Ta kuma tsara ranar da kanta: bayan la'asar mu shiga Harami ni da ita, mu yi ɗawafi, mu sha zamzam, ta yi addu'ar da take son yi, sannan mu kama hanyar Jidda.

Jiya da rana baƙon ya zo.

Na zauna a bayi na rasa ma kukan me zan yi, na abin da ban samu ba ko na abin da na jawo. Da aka kira magariba Ummi tana falona tana tsince mini shinkafa. Ta ce in tashi in yi salla kada in makara. Anti, na shiga bayi na saki famfo ya yi ta zuba, na jiƙa fuska da hannu, na fito na shige ɗaki na tura ƙofa, na zauna a ƙasa daidai tsawon raka'a uku, sannan na fito ina gyara hijabi. Ta ce, "Allah shi karɓa." Na ce amin. A Makka, ina jin kiran sallar Harami da kunnena. Ƙyamar da na ji ranar da kifin nan ya hau harshena ba ta kai rabin wadda na ji wa kaina a lokacin ba. Kifi dai an amayar an huta. Wannan ta ina zan amayar da shi?

Kuma ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya kawo mini mafita irin ta littafi. Ya ce ki kwanta ki riƙe mara ki yi kuka, ki ce ya zube. Za a tausaya miki, a fasa Jidda, a fasa ɗawafi, babu mai sake tayar da zancen kifi. Har na fara tsara yadda zan yi, sai na tuna mutumin nan zai yi makokin ɗan da ba a taɓa halitta ba, Ummi za ta ɗora wa kanta laifi ta ce ita ta bar ni na hau matakala. Yaushe na zama haka? Daga son a ce mini 'yar gayu?

Yanzu ga inda nake. Har yau ban yi hajzin ba. Kullum sai mijina ya turo saƙo daga wurin aiki, "Ya shekha, kin kama wurin? Za a cike fa." Ina ce masa ina duba teburin da ya fi kallon teku. Idan na kama, na jefa wahalar da ya sha a Mina cikin abin da ko kallonsa ba na iya yi, in zauna tsakanin mijina da mahaifiyarsa, mai dafawa yana miƙo mini yanka bayan yanka yana jiran in haɗiye a gabansa, kuma kafin nan ma ga ɗawafin da ba halin in yi shi, wannan kam ko za a kashe ni ba zan yi wasa da shi ba. Idan na ce a fasa, dole in faɗi dalili, dalilin kuma ba ɗaya ba ne. In na ce babu ciki, zai tambayi aman. In na faɗi aman, sai in faɗi cewa tun farkon haɗuwarmu abin da ya sani game da ni ƙarya ne. Shi mutum ne mai sanyi, ba zai doke ni ba, ba zai zage ni ba. Abin da nake tsoro shi ne ya daina yarda da fuskata. Duk ranar da Allah ya ba ni na gaskiya na rufe fuska na yi murmushi, ya tsaya yana dubana yana tunani.

Ina cikin rubuta wannan ne Ummi ta hawo, tana dafa bango saboda gwiwa, ta ɗaure hancinta da gefen mayafi. Faranti ne a hannunta. Ashe da safe ta fita da kanta ta sayo kifi sabo, ta fere shi, ta yayyanka siri-siri, ta ɗora a kan shinkafar da ta bari ta huce, ta barbaɗa yajin ƙuli a kai. Ɗanye. Ta ajiye a gabana ta ce, "Alhamis ta yi nisa ga mai kwaɗayi. Ban iya irin nasu ba, amma na wanke shi da lemun tsami sosai. Ci, ɗiyata, kada ki ji kunyata." Na ga idonta ya yi ja saboda ƙarnin da ta sha. Ta ce ba za ta iya sauka ta sake hawowa ba, za ta zauna a kan matakala ta jira farantin.

Tana can zaune yanzu, ina jin ƙarar carbinta. Farantin yana gabana, ƙuda ɗaya yana zagaya shi. Mijina kuma ya sake turo saƙo yana tambayar ko na kama wurin.

Don Allah 'yan uwa, wa zan fara gaya wa, ita ko shi? Kuma da wace kalma ake farawa? Me zan yi?